Rigimar banjo a Amurka: wai daga wace shekara asalin ya fara?

Akwai wata rigima da masu sauraron kiɗan bulugiras a Amurka suka shafe sama da shekara hamsin suna yi kuma har yau taƙi mutuwa. Duk sanda wani makaɗi ya fito da banjo, wani kayan kiɗa mai fata da tsirkiya kamar gurmi, ya haɗa shi da ganga ko fiyano ko ya ja kiɗa ɗaya tsawon minti goma sha biyar babu waƙa, sai dattawan harkar su taso masa cewa wannan ba bulugiras bane, ya ɓata musu gado, Bill Monroe uban kiɗan da yana raye bazai lamunci wannan ba. Ni dai ba wanda ya tambayeni amma ina da ta cewa, kuma abinda zance shine masu wannan ƙorafin basu san tarihin abinda suke gadi ba, ko kuma sun sani suna kawar da kai. Suna da 'yar gaskiyarsu a wani waje, zan zo kanta, amma akan maganar asali wallahi basu da ita.

Ga wanda bai taɓa ji ba, bulugiras kiɗan ƙauyen kudancin Amurka ne, na mutanen tsaunukan Appalachia da kewaye. Kayan kiɗan duk masu tsirkiya ne, banjo da gita da mandolin da gogen turawa da ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, babu ganga babu lantarki, mawaƙin yana ɗaga murya sama siririya kamar mai kiran wani daga nesa, waƙoƙin kuma na gida ne da uwa da jirgin ƙasa da kurkuku da mutuwa da coci. Ana baiti ɗaya sai a sakar wa mai kayan kiɗa ɗaya fili ya nuna hannunsa, in ya gama ya ja baya wani ya matso gaban makirfo. Shikenan fa.

Toh yaushe aka fara shi? Bill Monroe mutumin jihar Kentaki ya shiga shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville a 1939 da ƙungiyarsa Blue Grass Boys, daga sunan ƙungiyar ma aka samo sunan kiɗan gaba ɗaya. Amma sautin da ake kira bulugiras yau bai haɗu ba sai a watan Disamba na 1945, da wani saurayi ɗan shekara 21 daga Karolina ta Arewa, tsohon ma'aikacin masaƙa, Earl Scruggs, ya shigo da banjonsa. Kafin shi mai banjon Monroe ɗan barkwanci ne da ake kira Stringbean, kuma a lokacin haka aka ɗauki mai banjo, wanda zai sa tsohuwar hula ya bada dariya tsakanin waƙa da waƙa. Scruggs baya barkwanci. Tsayawa yake fuska ba yabo ba fallasa, hannun dama ne kawai ke aiki.

Ku nemi bidiyonsa ku zuba wa hannun nan ido, ya cancanci kallo. Zaka ga ya sa wasu 'yan farata na ƙarfe guda biyu a manuniya da yatsan tsakiya, na roba ɗaya a babban yatsa, sauran yatsun kuma ya kafe su akan fatar banjon don hannun ya samu madogara. Yatsu ukun sai su dinga zagayawa suna bin juna, babba, manuni, na tsakiya, babba, manuni, na tsakiya, babba, manuni, sauti takwas a zagaye ɗaya, kuma tunda uku bata raba takwas daidai sai nauyin kiɗan ya dinga faɗowa a inda kunne bai zata ba, anan daɗin yake. Karin waƙar yana ɓoye a cikin wannan ruwan sautin, sai ka natsu zaka tsinto shi. Sannan akwai tsirkiya ta biyar, gajeriya, wadda makunninta ke tsakiyar wuyan banjon maimakon can sama, babban yatsa ke dawowa kanta kullum tana bada sauti ɗaya tal ƙin ƙin ƙin a saman komai. Ku riƙe wannan gajeriyar tsirkiyar a ranku don zamu dawo kanta. Ba Scruggs ne ya fara kiɗa da yatsu uku ba, akwai irin su Snuffy Jenkins a yankinsu, amma shi ya gyara abin ya daidaita shi har ya zama duk mai koyon banjo yau daga kansa yake farawa.

Yanzu dan Allah ku duba lissafin nan. Abinda ake ce wa gadon kaka da kakanni an haɗa shi ne a 1945 a gidan rediyo, don a sayar da faifai da tikiti, kuma wanda ya kawo babban sinadarin sa'an Mamman Shata ne kusan. Mutanen da suka fara jinsa a lokacin sabon abu suka ji, mai gudu, mai ƙara, wanda tsofaffin masu kiɗan tsauni basu saba dashi ba. Monroe kansa bai ɓoye ba cewa ya ɗauki abubuwa da dama daga wajen wani baƙar fata mai gita da goge, Arnold Shultz, wanda ya yi kiɗan rawa tare dashi yana yaro. Wato ɗan bidi'a ne na bugawa a jarida, kawai dai bidi'arsa ta tsufa ta yi furfura sai aka naɗa mata rawani.

Kuma bidi'ar bata tsaya ba ko a gidan Monroe. A 1963 ya ɗauki wani ɗan boko daga Boston, Bill Keith, wanda ya zo da salon da zai iya fitar da kowane sauti na kiɗan goge ɗaya bayan ɗaya akan banjo ta hanyar tsallake daga wannan tsirkiya zuwa waccan, abinda salon Scruggs baya yi. Monroe ya karɓe shi hannu bibbiyu, abu ɗaya kawai ya ƙi, bazai yarda a samu Bill biyu a ƙungiya ba sai ya koma kiransa Brad. Don Reno shima yana da nasa salon na bugun tsirkiya ɗaya kamar mai gita. Amma wanda yafi bani dariya a duk labarin shine Scruggs da kansa. A 1969 ya rabu da abokin tafiyarsa na sama da shekara ashirin Lester Flatt, kuma babban dalilin shine shi yana son sabbin waƙoƙi irin na su Bob Dylan shi kuma Flatt baya so. Ya kafa sabuwar ƙungiya da 'ya'yansa, ga ganga ga gitar lantarki, a watan Nuwamban shekarar ma ya hau dandamali a Washinton a babbar zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, abinda kusan babu wani babban mawaƙin Nashville da ya yarda ya yi. Toh wanda ake rantsuwa da sunansa don a hana yara taɓa banjo, shi ya fara ƙetare shingen. Sai a faɗa min wa ake karewa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. 1971 Sam Bush da abokansa suka kafa New Grass Revival, ga dogon gashi ga waƙoƙin rok akan mandolin, John Hartford na nasa shagalin, David Grisman ya haɗa da jaz, Tony Trischka yana ta gwaje-gwajen da ko sunansu babu. Trischka ne ya koyar da wani yaro ɗan birnin New York, Béla Fleck, wanda kakansa ya bashi banjo yana shekara 15, yaron da ba ƙauye ya sani ba balle tsauni, a talabijin ya fara jin Scruggs abin ya shiga ransa. Ya yi shekarun 1980 a New Grass Revival, a 1988 ya kafa Flecktones da Victor Wooten mai bes da ɗan uwansa Roy da Howard Levy, daga nan kuma sai abinda hali ya yi. Ya yi kiɗa da Chick Corea mai fiyanon jaz, ya yi da Zakir Hussain mai gangar tabla na Indiya, a 2011 ya rubuta wa banjo dogon kiɗa da babbar ƙungiyar makaɗan Nashville ya sadaukar dashi ga Scruggs. Kyautar Grammy kam ya tara sama da goma sha biyar a rukunoni daban daban. Masu gadi suna cewa kowa ya bar gida gida ya barshi. Sai gashi a 2021 ya dawo ya yi faifan bulugiras zalla da su Sam Bush da Billy Strings da Molly Tuttle da Chris Thile, faifan ya ci Grammy a rukunin bulugiras ɗin, gidan bai kore shi ba.

Amma duk wannan ma ba shine babban abinda ke ci min tuwo a ƙwarya ba. In maganar asali za'ayi a yi ta har ƙarshe mana, me yasa agogon yake farawa daga 1945? Banjo kayan bayi ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka haɗa shi a tsibiran Karibiyan da ƙwarya da fata da sanda, wani likita Bature Hans Sloane ya ganshi a hannunsu a Jamaika a ƙarshen shekarun 1680, Thomas Jefferson ma da bayi ke masa noma ya rubuta a shekarun 1780 cewa kayan kiɗansu ne da suka zo dashi daga Afirka. Sama da shekara ɗari kusan babu Baturen da ya damu dashi. Sai a shekarun 1830 irin su Joel Sweeney suka koya daga bayi, suka shafa baƙi a fuska suka hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata ana dariya, wannan wasan wulaƙancin shi ya yaɗa banjo a duk Amurka har Ingila. Masana'antu suka karɓa, ƙwarya ta koma katako da ƙarfe, daga baya fata ta koma roba. Da kamfanonin faifai suka zo a shekarun 1920 sai suka raba kasuwa, faifan baƙaƙe daban na turawan ƙauye daban, banjo da goge aka tura ɓangaren turawa, su kuma baƙaƙen da suka yi ƙaura birane da yawansu ba sa son ganin abinda ke tuna musu gonar auduga da masu shafa baƙi. A haka har aka wayi gari ɗan Amurka in yaji banjo Baturen ƙauye ne ke faɗo masa a rai.

Gajeriyar tsirkiyar nan da nace ku riƙe, ita ce shaidar da ta ƙi gogewa. Ku je wajen Jola na Gambiya da Kasamans a Senigal ku ga akonting, ƙwarya ce da fata da doguwar sanda da ta ratsa ta, tsirkiya uku ɗaya gajeriya ta babban yatsa, kuma yadda suke bugunta da bayan farce zuwa ƙasa shine dai yadda tsofaffin masu banjo suke yi kafin Scruggs. Wani ɗan Gambiya Daniel Jatta ne ya dage har masana a Amurka suka waiwayo kanta wajen shekara ta 2000. Ngoni na Mali da halam na Wolof duk dangi ne, kuma masu binciken suna lissafa gurminmu da molo a cikin wannan babban dangin. Anan zan ja wa 'yan uwana kunne, kar gobe wani ya tashi a Facebook yace Bahaushe ne ya ƙirƙiro banjo, ba haka aka ce ba. Dangi ne, kuma dangantakar ta isa abin alfahari ba sai an ƙara gishiri ba.

Wa ya koma ya nemo wannan tarihin? Ba masu gadin asali bane. Fleck ɗin da ake cewa ya ɓata gado shine ya ɗauki banjonsa a 2005 ya tafi Yuganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali, ya zauna da masu akonting, ya yi kiɗa da Oumou Sangaré da Bassekou Kouyaté, daga baya ya yi yawon kiɗa da Toumani Diabaté mai kora. A 2005 ɗin dai aka yi taron baƙaƙe masu banjo a garin Boone na Karolina ta Arewa, anan Rhiannon Giddens da abokanta suka haɗu suka kafa Carolina Chocolate Drops, suna zuwa gidan wani tsoho baƙar fata mai goge Joe Thompson suna ɗaukar karatu a gabansa. A 2017 ƙungiyar bulugiras ta duniya ta gayyace ta ta yi babban jawabin taronsu ta faɗa musu wannan tarihin ido da ido, a 2024 kuma banjonta ne ke buɗe waƙar Beyoncé da ta hau saman jadawalin kiɗan ƙauye na Amurka. Fleck ya yi gaba, Giddens ta yi baya can nesa, dukansu a wajen shingen 1945 suke.

Toh inda masu ƙorafin suke da gaskiya. Gwaninta tana da cutarta, kuma na ji ta da kunnena ba sau ɗaya ba. Yanzu bulugiras ya shiga jami'a, jami'ar East Tennessee State tana koyar dashi tun 1982, Berklee ta Boston ma tana yi, ana yaye yara masu hannun da Scruggs bai taɓa mafarki ba. Sai ka saurari wani minti bakwai yana zuba sauti ba kuskure ko ɗaya, tsaf tsaf kamar keken ɗinki, in ya gama ka tambayi kanka me yace sai ka rasa, ba abinda zaka iya rerawa a hanya. Kiɗan da aka yi wa ma'aikatan masaƙa da masu haƙar kwal ya koma na masu digiri da ke iya biyan tikitin bikin Telluride a tsaunukan Kolorado, mawaƙi ya zama ɗan rakiya, makaɗa na kaɗa wa makaɗa 'yan uwansu. Dattijon da yace a dawo masa da waƙar uwa da jirgin ƙasa ba wauta yake ba, yana jin an ƙwace masa wani abu ne kuma an ƙwace ɗin. Mu da muka taso da Ɗan Maraya Jos mun fi kowa sanin haka, tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa amma in ya fara maganar ɗan adam ko ta mai akwai da babu kowa shiru yake. Yawan sauti bai taɓa zama magana ba.

Sai dai wannan matsalar ta makaɗin da bashi da abin faɗa ce, kuma irinsa akwai shi a kowane ɓangare. Akwai masu kwafar Scruggs sauti da sauti shekara arba'in, sun sa kwat da hular kaboyi, suma babu abinda suke cewa, haddar wani suke maimaitawa. Noam Pikelny na Punch Brothers yana cikin masu hannun da ya fi na kowa yau, shine kuma ya zauna ya kwashe faifan da Kenny Baker, mai gogen Monroe, ya yi na waƙoƙin Monroe kaf ya mayar akan banjo don girmamawa. Billy Strings yana cika manyan filayen wasa da matasa, ya ja kiɗa ya kai shi inda ba'a zata ba, sannan ya juyo ya rera tsohuwar waƙar da uban da ya raine shi ya koya masa, yaran nan kuma su koma gida su nemo su Stanley Brothers da Doc Watson. Da an bi ta masu gadi da yanzu banjo yana gidan tarihi cikin gilashi, tsofaffi na zuwa kallonsa ranar Lahadi.

Abinda yasa abin ke damuna har na zauna rubuta wannan dogon surutun, mu namu ya fi nasu muni. Su suna faɗa akan yadda za'a kaɗa banjo, mu kuma faɗan ma babu don an ajiye kayan gaba ɗaya. Shiga situdiyo a Kano ko Kaduna ka gani, fiyano ɗaya da kwamfuta sun maye gurbin kowa, in ana son ƙamshin gargajiya sai a danna maɓalli ya fitar da wani abu mai kama da kalangu. Mai gurmi da mai garaya da mai kukuma an barsu da wasan biki da tashar mota da ranar da gwamnati ke baƙi, a kira su su yi minti biyar a basu na goro. In yaro ɗan makaranta yace zai koyi gurmi gidansu ma sai an yi taron dangi akansa, don har yau kallon roƙo ake wa abin. In kuma wani ya ƙara masa tsirkiya ko ya jona shi da lantarki, mu ɗin da bamu sayi faifan mai gurmi ko sau ɗaya ba mu zamu fara cewa ya ɓata al'ada. Alhali in kiɗa ya sauya rawa ma dole ta sauya.

Kuma ba sai mun je Amurka neman misali ba. Bassekou Kouyaté a Mali gadon ngoni ya yi iyaye da kakanni, ana kaɗa shi a zaune a bayan mawaƙi, shi ya sa masa maɗauri ya miƙe tsaye dashi, ya ƙara tsirkiya, ya jona shi da na'urar da masu gitar lantarki ke takawa, ya haɗa ƙungiya ta ngoni zalla manya da ƙanana, tun faifansa na 2007 yake yawon duniya dashi. A Nijar marigayi Malam Mamman Barka ya yi suna da gurmi kafin ya je ya koyo biram, kayan kiɗan 'yan ƙabilar Buduma, a bakin tafkin Chadi don kar ya ɓace. Wato ana iyawa a nan kusa damu.

Sannan akwai maganar kuɗi da bama son yi. Ɗan wasan barkwancin nan Steve Martin, wanda shima gwanin banjo ne, ya kafa kyauta a 2010 ta dala dubu 50 ga gwanin banjo, Pikelny ne ya fara ci, Giddens ta ci a 2016. Akwai kamfanonin da ke ƙera banjo, akwai littattafan koyo, akwai malamai da darasi a intanet, yaro a Japan ko Jamhuriyar Cek zai iya koyon zagayen yatsun Scruggs daga ɗakinsa, kuma suna koya sosai. Attajiranmu da ke liƙa miliyoyi a biki ɗaya, kwatan abin ya isa a sa gasar gurmi da kukuma duk shekara, da rukuni biyu, na masu kaɗawa yadda suka gada da na masu gwada sabon abu, a ɗauke su a bidiyo da kyamara kusa da hannu yadda mai son koyo zai ga inda yatsa ke sauka. In aka yi haka shekara biyar a jere muma zamu samu dattawan da zasu taso suna cewa wannan ba gurmi bane, kuma ni ranar zan yi murna da jin su.